Ƙanin Da Sylvanus Ya Bari A Daji

Shafi na 23

Tun ranar Litinin wayata ba ta huta ba. Masu karatu, tambayarku ɗaya ce, wa ya fitar da maganar Sylvanus. Wasunku har sun gama yanke wa Asabe hukunci. To, ku karanta a hankali.

*

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Laraba, mutum uku ne kawai suka zo.

Madam Damaris ta jera kujeru takwas kamar yadda ta saba, a ɗakin da suke zama a bayan wani kyamis a Makera. Wata shida ke nan tana tara su duk Laraba, mutanen da masu garkuwa suka taɓa ɗauka suka dawo da rai. Su zauna su yi magana, ita kuma ta saurara, ta riƙe zaman kada ya watse. Yau tun safe saƙonni suke shigo mata. Wannan ciwon kai, waccan ta yi baƙi. Ta san ba ciwon kai ba ne. Tsoro ne.

Dokar ɗakin guda ce, kowa ya sa hannu a kanta ranar da ya fara zuwa: abin da aka faɗa a ciki ba ya ƙetare ƙofa.

Da wannan dokar Sylvanus ya dogara, sati uku da suka wuce, ya buɗe cikinsa. Shi malamin firamare ne a Kamazou. Bara aka ɗauke shi tare da ƙaninsa Caleb, mai gyaran babura. Da ya dawo shi kaɗai ya gaya wa dangi cewa Caleb ya mutu a hannunsa. Aka yi sujadar ta'aziyya a coci, matar Caleb, Mary, ta sa baƙaƙen kaya. A ɗakin nan ne ya faɗi gaskiya. Suna gudu aka harbi Caleb a cinya, shi kuma ya bar shi a gindin bishiya, da ransa, yana kiran sunansa.

Ranar Lahadi Mary ta tare shi a ƙofar coci, a gaban jama'a, ta maimaita masa maganar kamar tana wurin aka yi ta. Ranar Litinin Sylvanus ya sha fiya-fiya, maganin ƙwari.

Malam Zakariyya'u, mai keken haya, shi ne ya fara magana. Bai ma jira an buɗe zaman ba.

"Daga asibiti nake."

"Ya jikin nasa?" in ji Damaris.

"Bai farfaɗo ba. Likita ya ce an wanke cikin, amma ya daɗe a ɗaki kafin a gan shi."

Mama Irene ta sunkuyar da kai. Ita ce babba a cikinsu, mai sayar da doya, kowa Mama yake ce mata. Ita ke zuwa da ƙuli-ƙuli a leda, ita ke fara rungume duk wanda ya fashe da kuka. Yau hannunta babu komai.

Asabe tana can ƙarshen layi, kusa da ƙofa, inda take zama kullum. Tela ce daga Unguwar Sanusi, ita ce ta ƙarshen shigowa cikinsu. Ta ja hijabinta har gira.

"Madam, kafin a fara komai," Zakariyya'u ya ce, "ina so a gaya min wanda ya kashe min aboki."

"Bai mutu ba, Malam."

"Saura kaɗan. Wa ya fitar da maganar?"

"Ba kotu muka zo ba."

"To ni yau kotu na zo."

Ya juya kujerarsa gaba ɗaya, ya fuskanci Asabe.

"Sati goma sha ɗaya kina zuwa ɗakin nan. Wa ya taɓa jin labarinki?"

Asabe ba ta ɗago ba.

"Ni na faɗi yadda aka sa ni na haƙa wa mutum rami da hannuna. Mama ta faɗi nata. Sylvanus ya faɗi wanda ya fi na kowa. Mu muna tuɓewa a gabanki, ke kina zaune kina kallo."

"Malam Zakariyya'u," Damaris ta ce, "ba a tilasta wa kowa magana a nan."

"Ki bar ni in ƙarasa. Washegarin ranar da ya yi maganar, Alhamis, na sauke fasinja a Kamazou. Na gan ta a tsaye a bakin hanya. Ke da kike Unguwar Sanusi, me ya kai ki Kamazou?"

Asabe ta ƙara jan hijabinta.

"Ki ce ƙarya nake."

"Ba ƙarya kake ba," Asabe ta ce a hankali. "Na je."

"Kin ji ko, Madam."

Asabe ta ɗauki jakarta ta miƙe. Ta nufi ƙofa.

"Asabe, don Allah ki zauna," in ji Damaris. "Minti goma. Idan bayan nan kina son tafiya, ni zan raka ki titi."

Ta tsaya jim, sannan ta zauna a gefen kujerar, jakar a kan cinya.

Damaris ta kalle su ɗaya bayan ɗaya. Ta ga Mama Irene tana murɗa bakin zaninta, ta murɗa ta sake, ta murɗa ta sake. Matar da ba ta iya minti biyu ba ta sa baki ba, yau ko uffan.

"Ba zan tambayi wa ya faɗa ba," Damaris ta ce. "Kowa ya gaya mana abin da ya yi da maganar bayan ya fita daga nan. Ni zan fara. Na rubuta ta a littafina, babu suna, na kulle a durowa. Ga makullin a wuyana. Malam?"

"Ni ko matata ban gaya wa ba. Kwana biyu na yi ban iya cin abinci ba."

"Mama?"

Irene ta sake murɗa bakin zaninta.

"Mama?"

"Ban faɗi suna ba."

Muryar ta fito can ƙasa, har Zakariyya'u ya matso.

"Me kika ce?"

"Na rantse da Ubangiji ban faɗi suna ba." Hawaye suka ɓalle mata. "Abin ya yi min nauyi. Na kasa barci. Ranar zumuntar mata aka ce wanda yake da roƙon addu'a ya faɗa. Na ce a yi addu'a saboda wani ɗana, malamin makaranta, da aka ɗauke su da ƙaninsa, ya baro shi a daji da rai, zuciyarsa ta hana shi sakat. Shi ke nan. Addu'a kawai nake nema masa."

"A wane coci?" in ji Damaris.

"Namu. Amma ranar haɗaka aka yi. Matan Kamazou sun zo."

"Mama, malaman makaranta nawa ne a Kamazou da aka ɗauke tare da ƙaninsu?"

Irene ta rufe fuska da tafukanta.

"Akwai wata da ta yi ta kallona. Daga baya aka ce min goggon Mary ce."

Zakariyya'u ya juya ya kalle ta. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Jiya tare muka je asibitin nan da ke. A kekena. Na ce miki ina zargin yarinyar nan, kika ce min Allah ne masani."

"Na ji kunya, Zakari."

"Yanzu ma kina zaune ina ci mata mutunci."

"Na ji kunya."

"Ni na ce wa Sylvanus ya faɗa. Ni. A wurin mai shayi ya fara ba ni rabin labarin, na ce masa kai shi ɗakin Madam, Mama tana nan, babu abin da zai fita." Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. "Ashe da hannuna na tura shi."

Daga waje ana jin janareton kyamis da ƙarar masu keke suna kiran Kakuri.

Damaris ta juya ga Zakariyya'u. Sannan ta ce, "Malam, akwai wadda take jiran magana daga bakinka."

Ya kalli Asabe, ya kau da kai.

"Ki yi haƙuri."

"Ba komai."

"Amma har yanzu ban san me ya kai ki Kamazou ba."

Damaris ta ɗaga hannu za ta tsayar da shi. Asabe ta riga ta.

"Ki bar shi, Madam. Zan faɗa."

Ta ajiye jakar a ƙasa. Wannan ne karon farko da suka ga ta kalli fuskar wani a ɗakin.

"Kun ce ba na magana. Ranar da na fara zuwa na yi. Kun tuna?"

Babu wanda ya tuna.

"Na ce wata biyu na yi a hannunsu. Malam ya ce in gode wa Allah, shi wata biyar ya yi. Na ce ni nake musu girki. Mama ta taso ta rungume ni, ta ce ya isa, kada in tuna, ta fara waƙa. Kowa ya kama waƙar. Ni kuma maganar tana nan a maƙogwarona."

"Don ki samu sauƙi ne, 'yata," Irene ta ce cikin kuka.

"Na sani. Amma ban gama ba. Sati na biyu na ga kuna dariya a kan abin da aka turo a waya. Ashe kuna da zaurenku a waya, ku bakwai. Ba wanda ya tambayi lambata. In an tashi ku shige keken Malam ku tafi wurin mai shayi. Ni in tsaya a titi in nemi mota."

Damaris ta sunkuyar da kai. Ta san da zauren. Ta san da shayin. Har ta rubuta a rahotonta cewa mutanen sun shaƙu, suna neman juna a waje, alama ce mai kyau. Ba ta taɓa ƙirga wanda ake bari a baya ba.

"Ranar da Malam Sylvanus ya yi maganarsa," Asabe ta ci gaba, "na ɗaga hannu. Sau biyu. Duk kun kewaye shi kuna kuka. Mama tana cewa Caleb ya riga ya huta, yana wurin Ubangiji. Madam ta kalli agogo ta ce lokaci ya yi."

Damaris ta tuna. Ta ga hannun. Ta ɗauka ruwa take nema.

"Na bi ku har get. Kafin in iso kun shiga keke. Shi ya sa washegari na tafi Kamazou, in nemi gidansa. Na tambaya har aka nuna min layin. Na tsaya, na tsaya. Na ce wace ce ni? Mutumin da ko gaisuwa ba mu taɓa yi mai tsawo ba. In ya ce ƙarya nake fa? In ku kuka ce neman suna nake? Sai na juya."

"Me za ki gaya masa?" in ji Zakariyya'u.

Asabe ta dube shi.

"Caleb bai mutu a gindin bishiyar nan ba."

Kukan Irene ya tsaya cak.

"Na san shi. A sansanin da aka ajiye mu yake. Bakanike suke ce masa. Yana ɗingishi da ƙafar hagu. Shi ke gyara musu babura."

"Asabe," Damaris ta ce a hankali, "masu gyaran babur suna da yawa. Kin tabbata?"

"Wata rana ina wanke tukunya ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Unguwar Sanusi. Ya ce shi Kamazou. Ya ce yana da mata, sunanta Mary, ba su kai shekara da aure ba. Ya ce yana da wa malamin makaranta, Silva yake ce masa. Ɗan yatsansa na dama ya guntule, ya ce sarƙar babur ce ta cinye tun yana yaro."

Zakariyya'u ya miƙe tsaye ba tare da ya sani ba.

"Sylvanus ya taɓa ba ni labarin yatsan nan."

"Yaushe kika fito?" in ji Damaris.

"Wata uku da sati biyu."

"Kuma yana raye?"

"Ranar da na fito yana raye."

Zakariyya'u ya dafe bango. "Sati uku. Sati uku kina riƙe da wannan. Mutumin nan yana tunanin kuraye sun cinye ƙaninsa saboda shi. Da ya ji wannan da bai taɓa kwalbar nan ba."

"Na sani," Asabe ta ce. "Tun Litinin nake faɗa wa kaina haka. Satin da ya biyo baya na zo da niyyar faɗa, bai zo ba. Satin da ya wuce ya zo, kuka ce ya yi haske, ya fara cin abinci, kada kowa ya tayar da maganar. Ni kuma na saba yin shiru a ɗakin nan."

Ya koma ya zauna.

"Ni na ce kada a tayar," ya ce.

"Laifin ba naka kai kaɗai ba ne," in ji Damaris. "Aikina ne in ga wanda ba ya magana. Na ga kuna son juna, na ji daɗi, na daina dubawa. Asabe, ni ya kamata in fara ba ki haƙuri."

Asabe ta girgiza kai. Hawaye na zuba amma fuskarta ba ta saki ba, kamar mai ɗauke da sauran kaya.

"Madam, ban gama ba."

"Tashi mu tafi asibiti," Zakariyya'u ya katse ta, yana laluben makullin keke. "Sun ce ko mutum bai farfaɗo ba yana iya ji. Ki faɗa masa a kunne. Ki ce Caleb yana nan."

"Malam, ka bari ta ƙarasa," in ji Damaris.

"Ta ƙarasa a hanya."

Ya fizgi ƙofar.

Mace ce a tsaye a bakin ƙofar, siririya, cikin baƙar riga da baƙin ɗankwali. Ƙafafunta duk ƙura. Ba wanda ya san tsawon lokacin da ta yi a wurin.

Irene ce ta gane ta. "Mary."

Mary ba ta kalle ta ba. Ta shigo tana bin fuskokinsu da ido.

"Na zo ne in ga mutanen da suka san yadda mijina ya ƙare, suka zauna suna shan shayi," ta ce. Muryarta a dashe. "Tun daga Kamazou nake shirya abin da zan gaya muku. Wace ce ta ce yana raye?"

Damaris ta tare ta. "Mary, sunana Damaris. Ki zauna tukuna, mu yi magana ni da ke."

"Wace ce?"

Asabe ta miƙe a hankali.

Mary ta ƙaraso gabanta, ta zube ƙasa ta riƙe bakin hijabin.

"'Yar'uwa, ki dubi Allah. Yatsan wane hannu?"

"Na dama."

"In zai yi dariya fa?"

"Ban taɓa ganin dariyarsa ba. Amma in yana aiki yana cizon leɓensa na ƙasa."

Mary ta saki wani sauti da ba kuka ba, ba dariya ba. Ta tuge ɗankwalin daga kanta ta jefar.

"Shi ne. Yesu, shi ne. Wata goma sha ɗaya ina kwana da rigarsa. An ce in haƙura, an fara kawo min maganar wani auren." Ta ɗago jajayen idanu. "Ya rame? Suna ba shi abinci? Suna dukansa?"

"Ba sa dukansa."

"Ya ambace ni?"

"Ya ambace ki."

"To wane saƙo ya ba ki? Ai ya san za ki fito. Me ya ce ki gaya min?"

Asabe ta kalli Damaris. Damaris ta ga abin da ke cikin idon, ta gane cewa wannan ne sauran maganar da aka hana ta ƙarasawa, yau ma.

"Mary, ki bari mu..."

"Madam, ki bar ta. Me ya ce?"

"Ya ce kada in gaya wa kowa na gan shi."

Hannun Mary ya sassauta daga hijabin.

"Don me? Tsoro yake ji kada su kashe shi?"

Asabe ta kau da kai.

"Me ya sa ba su sako shi tare da ku ba? A ina suke ɗaure shi?"

"Ba a ɗaure yake ba."

"Ban gane ba."

Asabe ta ja da baya har bayanta ya taɓa bango.

"Mu ne a ɗaure," ta ce. "Shi ne yake zama a kanmu da bindiga."